Wace Waya Ce Ta Fi Jera Haƙoran Ƙasa? Tambayoyi da Amsoshi

Masu shirin sa wayar gyaran haƙora da waɗanda suka riga suka sa, tambayoyinsu kusan iri ɗaya ne idan aka zo kan jerin ƙasa. An tattaro su a nan, daga masu sauƙi zuwa masu zurfi. Bayani ne na kowa da kowa. Hukunci a kan bakin mutum ɗaya kuwa sai likitan da ya duba shi ya kuma ga hoton ƙashinsa.

Me ya sa haƙoran gaba na ƙasa suka fi saurin cunkushewa?

Haƙora huɗun nan na gaba a muƙamuƙin ƙasa su ne mafi ƙanƙanta a baki. Faɗin kowanne bai wuce milimita 5 zuwa 6 ba, saiwarsu siririya ce, ƙashin da ke riƙe da su kuma ba shi da kauri. Leɓe na danna su ta gaba, harshe na tura su ta baya, haƙoran sama kuma sun tare musu hanya ta waje. Idan fili ya gaza ko da milimita biyu ne, sai ɗaya ya murɗe, wani ya shige ciki, wani ya hau ɗan'uwansa.

Abin kuma ba ya tsayawa da ƙuruciya. Tsawon jerin ƙasa da tazarar da ke tsakanin fiƙoƙi biyu suna raguwa kaɗan-kaɗan yayin da mutum ke manyanta, ko ya taɓa sa waya ko bai taɓa ba. Shi ya sa za ka ga wanda haƙoransa ke jere ras yana ɗan shekara 15, amma kafin ya kai 30 na ƙasan sun fara hawa juna.

Ta yaya waya ke motsa haƙorin da ke cikin ƙashi?

Haƙori ba a manne yake da ƙashi kai tsaye ba. Tsakanin saiwa da ƙashi akwai wani siririn nama mai zare-zare, kaurinsa wajen milimita 0.2. Idan aka ɗora wa haƙori matsi mai sauƙi da ba ya yankewa, wasu ƙwayoyin jiki sai su riƙa cinye ƙashin ɓangaren da ake matsawa, wasu kuma su riƙa gina sabo a ɓangaren da haƙorin ya baro. Da haka yake tafiya, wajen milimita 1 a wata idan komai lafiya. Ƙara ƙarfin matsi ba ya ƙara gudu. Ma iya cewa yana rage shi, domin matsi mai yawa yana toshe hanyoyin jinin wurin, aikin ya tsaya sai naman ya farfaɗo.

Wayar farko da ake sakawa, wadda ita ce ke warware cunkoso, ta haɗin nikel da taitaniyam ce. An gano wannan ƙarfe a wani ɗakin bincike na sojojin ruwan Amurka wajen 1960, sannan George Andreasen na Jami'ar Iowa ya shigo da shi aikin haƙora a farkon shekarun 1970. Ko an lanƙwasa ta ta bi karkatattun haƙora, tana ta ƙoƙarin komawa siffarta ta asali, tana jan haƙoran a hankali. A riƙe wannan batu, domin shi ne tushen yawancin amsoshin da ke ƙasa: jikin mutum ne ke yanke saurin tafiyar, ba sunan kamfanin da ya ƙera kayan ba.

Kayan gyaran iri nawa ne?

Waɗanda aka fi amfani da su biyar ne. Akwai maɓallan ƙarfe da ake manna wa kowane haƙori, a ratsa waya ta cikinsu a ɗaure da 'yar roba. Akwai irinsu amma masu 'yar ƙofa da ke kulle wayar ba tare da roba ba, kamar samfurin da ake kira Damon. Akwai na tangaran masu launin haƙori. Akwai waɗanda ake mannawa ta ciki, ɓangaren harshe. Sai kuma kwanson roba garai-garai da ake sawa a cire, wanda Invisalign ya fi shahara da shi. Huɗun farko duk dangi ɗaya ne, jikokin tsarin da Edward Angle ya fito da shi a 1928, wanda Lawrence Andrews ya inganta a shekarun 1970 ta hanyar ƙera wa kowane haƙori maɓallinsa mai karkata daidai da shi.

To wanne ne ya fi jera haƙoran ƙasa?

Idan cunkoson ƙarami ne ko matsakaici, kuma likitan ya san aikinsa, duka biyar suna kai haƙoran gaba na ƙasa ga jeruwa mai kyau. Bambancin yana fitowa ne idan aikin ya yi wuya: fiƙar da ta murɗe sosai, haƙorin da sai an ja saiwarsa ba kansa kaɗai ba, giɓin da za a rufe bayan an cire haƙori, ko cizon da ya nutse har na sama sun rufe na ƙasa. A irin waɗannan, maɓallan ƙarfe na waje su ne ma'aunin da ake gwada sauran da shi. Su ne suka fi ƙanƙanta, abin da ke da muhimmanci a kan haƙoran da su ma ƙanana ne, ba sa saurin fashewa, kuma likita na iya lanƙwasa waya ya gyara haƙori ɗaya tak ba tare da ya sake tsara komai ba.

Amma a gaskiya tambayar nan ba ita ya kamata ta zo farko ba. Wadda ta fi ta nauyi ita ce inda za a samo filin da haƙoran za su zauna, kuma akwai amsarta a ƙasa. Likitoci biyu da suka yi amfani da kaya daban-daban amma tsari ɗaya, sakamakonsu zai yi kama. Biyu da suka yi amfani da kaya iri ɗaya amma tsari daban, sakamakonsu zai sha bamban.

An ce maɓalli mai ƙofa ya fi sauri kuma ba sai an cire haƙori ba. Haka ne?

Tun da Dwight Damon ya fito da nasa tsarin a tsakiyar shekarun 1990 ake yaɗa wannan magana. Hujjar ita ce, tunda babu robar da ke danne wayar, gogayya ta ragu, haƙori zai zame cikin sauƙi. A teburin gwaji hakan gaskiya ne. A cikin baki kuwa, musamman a cunkoson ƙasa, wayar tana lanƙwashe sosai tsakanin maɓallai masu kusa da juna, tana tokare gefensu, kuma wannan tokarewar ta fi robar tasiri. Gwaje-gwajen da aka yi a Birtaniya da Girka, inda aka raba marasa lafiya gida biyu aka kwatanta saurin jeruwar haƙoran ƙasa, ba su nuna wani bambancin a-zo-a-gani ba, haka ma jimillar watannin aikin.

Amfanin da aka tabbatar shi ne sauya waya ya fi sauri, zaman mutum a kujerar likita ya ɗan ragu. Maganar cewa yana faɗaɗa ƙashi har cire haƙori ya zama ba dole ba, ba ta da madogara. Filin da yake samarwa daga karkata haƙora waje da gaba yake zuwa, kamar kowace waya. Kaya ne mai kyau, babu laifi a zaɓe shi, amma ba don alkawarin sauri ba.

Zan iya sa na tangaran a ƙasa don kada a gani?

Za ka iya, amma likitoci da yawa ba sa so, kuma suna da dalili. Tangaran ɗin ya fi farin ɓawon haƙori tauri. Idan ka rufe baki, bakin haƙoran sama yana iya sauka a kan maɓallan ƙasa, kuma cikin 'yan makonni tangaran na iya cinye su, cin da ba ya komawa. Haɗarin ya fi yawa ga mai cizon da ya nutse da mai cizon haƙora cikin barci. Ban da haka sun fi na ƙarfe girma da saurin tsagewa. Shi ya sa ake yawan haɗawa, tangaran a sama, ƙarfe a ƙasa. Yawancin mutane ma idan suna murmushi leɓen ƙasa yana rufe maɓallan ƙasan.

Kwanson roba fa? Yana jera na ƙasa kamar waya?

A ƙaramin cunkoso da matsakaici, musamman wanda ya dawo wa mutum bayan ya taɓa sa waya a baya, yana aiki sosai. Tura haƙorin gaba ciki ko waje yana daga cikin abubuwan da ya fi iyawa. Kowane kwanso yana motsa haƙori wajen milimita 0.25, ana sauya shi bayan mako ɗaya ko biyu, kuma dole ya zauna a baki awa 20 zuwa 22 a rana. Wannan sharaɗi shi ne rauninsa na farko. Waya tana aiki ko mai ita ya manta da ita, kwanson da ke cikin aljihu kuwa ba ya motsa komai.

Rauninsa na biyu siffar haƙori ce. Roba tana buƙatar abin kamawa. Haƙoran gaba masu faɗi ne, tana samun inda za ta riƙe. Fiƙar ƙasa da ƙananan turamen da ke bayanta kuwa kusan zagayayyu ne, sai kwanson ya zame a kansu ya juya, haƙorin bai juya ba. Jan haƙori sama da miƙar da saiwa su ma suna ba shi wuya. Domin haka ake manna wasu 'yan ƙulle-ƙulle masu launin haƙori don robar ta sami makama. Wani bincike na 2009 a kan Invisalign ya gano cewa matsakaicin abin da ake samu daga motsin da kwamfuta ta tsara kusan kashi 41 cikin 100 ne, kuma murɗa fiƙar ƙasa na cikin mafi rauni. Da aka maimaita irinsa a 2020 da sababbin kaya, adadin ya kai wajen kashi 50.

Kada a fahimci wannan da cewa rabin masu sawa ne ke gazawa. Ma'anarsa ita ce zagayen farko ba kasafai yake kai komai inda aka zana ba, sai an sake ɗaukar awon baki an ƙero ƙarin kwansuna, wani lokaci sau biyu ko uku. Hoton da ake nuna maka a allo ranar farko buri ne, ba alkawari ba. Idan za a cire ƙananan turame a rufe babban giɓi, waya ta fi tabbas, domin kwanso yakan karkata haƙora su faɗa cikin giɓin maimakon ya tafi da su a tsaye.

Wadda ake mannawa ta ciki tana yi a jerin ƙasa?

Tana yi, kuma a hannun wanda ya ƙware sakamakonta yana kai na wayar waje. Craven Kurz a Amurka da Kinya Fujita a Japan ne suka fara ta a shekarun 1970, yau kuma akan ƙera maɓallan daidai da bayan haƙorin kowane mutum. Sai dai jerin ƙasa shi ne wurin da ta fi wahala. Da'irar ciki ta fi ta waje matsi, maɓallan sun kusa taɓa juna, gajeren tsakanin waya kuma ya fi tauri. Harshe yana kwance a wurin dare da rana, don haka gurzuwa da sauyin magana a makonnin farko sun fi yawa. Nan ne kuma dattin haƙori ya fi daskarewa, kamar yadda amsar tsafta a ƙasa za ta bayyana. Mai son ɓoye kayan gyara yakan fi cin riba idan ya sa ta a sama kaɗai.

Yaya likita yake auna girman cunkoson?

Awo biyu ne, kuma sau da yawa ana rikita su. Na farko shi ne ƙarancin fili: a haɗa faɗin haƙoran duka, a cire daga tsawon ƙashin da za su zauna a kai. Na biyu shi ne wanda Robert Little na Jami'ar Washington da ke Seattle ya fito da shi a 1975, domin haƙoran gaba shida na ƙasa musamman. Ana auna yadda kowace mahaɗa tsakanin haƙora biyu ta kauce, wurare biyar daga fiƙa zuwa fiƙa, a haɗa jimilla. Milimita 1 zuwa 3 ƙarami ne, 4 zuwa 6 matsakaici, 7 zuwa 9 mai tsanani, 10 zuwa sama mai tsanani ƙwarai. Da wannan na biyun ake kwatanta nau'o'in waya a bincike. Da na farkon kuma ake yanke shawarar cire haƙori.

Ina ake samo filin da haƙoran za su zauna?

Mutum shida ne a kan bencin mutum biyar: ko a ƙara bencin, ko kowa ya takure, ko ɗaya ya tashi. Babu hanya ta huɗu, kowane irin kaya aka sa. Ƙara bencin shi ne tura haƙoran gaba waje ko faɗaɗa jerin. Duk milimita 1 da aka tura haƙoran gaba, ana samun fili wajen milimita 2. Wannan shi ke faruwa da kansa idan aka ɗaura waya a kan cunkoso ba a yi wani abu daban ba. A sama akwai ɗan sarari, domin muƙamuƙin sama yana da mahaɗa a tsakiyar ganɗa da za a iya buɗewa a yaro mai girma. Na ƙasa ƙashi ɗaya ne dunƙule, ba ya buɗuwa da waya. Faɗaɗa tsakanin fiƙoƙin ƙasa kuwa yana cikin abubuwan da aka fi sanin suna komawa bayan an gama.

Takurewa ita ce goge gefen haƙora, a rage ɗan ɓawo tsakaninsu, wanda ba ya wuce rabin milimita a kowace mahaɗa, a haƙoran gaba na ƙasa ma sau da yawa ƙasa da haka tunda ɓawonsu siriri ne. Idan an yi shi da awo an kuma sulɓe wurin, ba a ga yana ƙara ruɓewa ba, kuma yana faɗaɗa mahaɗar ta yadda haƙoran za su jingina da juna da kyau. Masu kwanson roba su suka fi dogara da shi.

Tashin mutum ɗaya shi ne cire haƙori. An fi cire ƙananan turame biyu, ɗaya a kowane gefe, kowanne yana ba da wajen milimita 7. Ƙa'idar da ake koyarwa ita ce, ƙarancin fili ƙasa da milimita 4 ba kasafai yake buƙatar cirewa ba, 10 zuwa sama kusan dole ne, tsakanin nan kuwa ya danganta da kaurin dasashi, siffar fuska da matsayin leɓe. Ba a kuma auna cunkoso kaɗai ba. Jerin ƙasa yakan yi ɗan kwari a tsakiya idan aka kalle shi ta gefe, kuma miƙar da wannan kwarin shi ma yana cin fili.

Likita ya ce zai cire mini haƙorin gaba ɗaya na ƙasa. Ba zai yi muni ba?

Hanya ce da aka sani, musamman ga manya masu cunkoson gaba kaɗai, waɗanda turamensu na baya ke haɗuwa daidai. Haƙora uku ne za su rage a tsakanin fiƙoƙi, tsakiyar jerin ƙasa ba za ta ƙara yin daidai da ta sama ba, amma mutane kaɗan ne ke lura. Abin dubawa shi ne girman haƙoran ƙasa idan aka gwada da na sama. Wayne Bolton ya nuna a 1958 cewa faɗin shida na gaba a ƙasa yakan kai kusan kashi 77 cikin 100 na shidan sama. Wanda na ƙasansa suka fi haka girma shi ne ya fi dacewa da wannan hanya. Wanda nasa ke daidai, in aka cire ɗaya, na sama za su iya yin gaba da yawa. Nemi a nuna maka gwajin jeruwar a kwamfuta ko a kan gunkin haƙoranka kafin a cire.

Za a iya gyara na ƙasa kaɗai a bar na sama?

Wani lokaci. Matsalar ita ce haƙoran ƙasa suna zaune ne a cikin da'irar na sama. Idan aka jera su ta hanyar tura su gaba, za su iya zuwa su riƙa dukan bayan na sama, su girgiza su ko su buɗe musu wushiryar da ba ta nan da can. Gyaran na ƙasa kaɗai yana yiwuwa idan akwai ɗan sarari tsakanin jerin biyu tun farko, ko idan za a samo filin ta hanyar goge gefe ko cire haƙori ɗaya, kamar yadda amsoshi biyun da suka gabata suka nuna. Mai cizon da ya nutse kuwa, ko manna maɓallan ƙasa ba ya yiwuwa sai an ɗaga cizon tukuna, in ba haka ba zai riƙa ɓalle su da haƙoransa na sama.

Wata nawa ake ɗauka?

Jeruwar da ido ke gani takan zo da wuri, cikin wata 3 zuwa 6 a yawancin cunkoso matsakaici. Cikakken aiki na sama da ƙasa da waya yakan ɗauki wata 18 zuwa 24, ana komawa wurin likita duk bayan mako 4 zuwa 8. Ragowar watannin ba ɓata lokaci ba ne. A cikinsu ake miƙar da saiwoyi, a rufe giɓi, a daidaita haɗuwar turame. Abin da ya fi tsawaita aiki shi ne ɓallewar maɓalli, tsallake ranar ganin likita da ƙin sa robar da aka ce a sa, ba irin kayan ba.

Gaskiya ne waya na janye dasashi ko ta rage saiwa?

Tana iya yi, kuma gaban jerin ƙasa shi ne wurin da ya fi kowanne fuskantar janyewar dasashi. Ƙashin da ke gaban saiwoyin wani lokaci bai kai milimita 1 ba. Idan aka tura haƙori ya wuce iyakar ƙashin, ƙashi ba ya binsa, dasashin sai ya sauka, wani lokaci shekaru bayan an cire waya. Mai siririn dasashi shi ya fi haɗari. Wannan ba laifin wani nau'in kaya ba ne, kwanson roba ma yana jawo shi idan an tsara tura haƙora fiye da kima. Komai ya koma kan batun fili.

Raguwar saiwa kaɗan, milimita 1 zuwa 2, abu ne da ke faruwa da yawancin masu waya, kuma ba ya cutar da haƙorin. Mai tsanani ba shi da yawa, ya fi kama haƙoran gaba na sama, kuma hoton ƙashi a tsakiyar aiki yana tona shi. Sai kuma 'yan ramuka masu duhu da ke bayyana kusa da dasashi tsakanin haƙoran manya bayan an jera su. Da ma babu nama a wurin, cunkoson ne ya ɓoye. Goge gefen haƙoran yana rage su.

Yaya batun zafi da tsafta?

Ciwo yakan kai ƙololuwa kwana ɗaya bayan an sa waya ko an sauya ta, ya lafa cikin mako guda. Farasitamol yakan wadatar, kakin da likita ke bayarwa kuma yana kare leɓe daga gurzuwa. Tsafta ta fi zafin muhimmanci. Bututun miyau suna buɗewa ne a ƙarƙashin harshe, daf da bayan haƙoran gaba na ƙasa, shi ya sa datti ke saurin daskarewa a nan ya zama kamar dutse. A goge baki sau biyu a rana da man da ke da fulorayid, a bi ƙarƙashin waya da ƙaramin buroshin tsakanin haƙora. Sakaci yana barin fararen tabo a zagayen maɓallai, kuma su farkon ruɓewa ne. A wannan fanni kwanson roba ya fi sauƙi tunda ana cire shi a goge.

Yarona ɗan shekara 8 ne, sababbin haƙoransa na ƙasa sun fito a karkace. A sa masa waya yanzu?

Galibi a'a. Haƙoran gaba na dindindin sukan fito ta bayan na yarinta, a ɗan cunkushe, harshe ya tura su gaba daga baya. Kuma turamen yarinta na ƙasa sun fi waɗanda za su gaje su faɗi, saboda haka akwai 'yan milimita da za su samu idan sun faɗi. Likita na iya sa wata waya ta ciki da ke riƙe turamen baya don kada wannan fili ya salwanta, kuma ita kaɗai takan warware ƙaramin cunkoso. Ƙungiyar likitocin jera haƙora ta Amurka tana ba da shawarar a fara duba yaro kafin ya wuce shekara 7. Dubawa ce, ba lalle a fara aiki ba.

Turamen ƙarshe ne ke turo haƙoran gaba? In cire su?

Mutane da yawa sun yarda da haka saboda turamen ƙarshe suna fitowa ne tsakanin shekara 17 da 25, daidai lokacin da cunkoson manyanta ke farawa. Amma waɗanda ba su da waɗannan turame tun haihuwa su ma na ƙasansu suna cunkushewa. Wani gwaji da aka buga a Birtaniya a 1998 ya kwatanta waɗanda aka cire wa da waɗanda aka bar wa bayan gyaran haƙora, bambancin bai kai abin da zai sa a yi tiyata dominsa ba. A cire su idan suna ruɓewa, suna kumbura dasashi ko suna lalata maƙwabcinsu. Maganin cunkoso yana amsa ta gaba.

Bayan an cire waya, haƙoran za su zauna a jere?

Ba da kansu ba. Ƙungiyar Little ta bi mutanen da aka yi wa gyara shekaru da yawa bayan sun daina sa mariƙi, wato abin da ke riƙe haƙora a jere bayan an cire waya. Bayan shekara 10, kusan kashi 30 cikin 100 ne kaɗai haƙoransu na ƙasa ke jere yadda ake so. Bayan shekara 20 adadin ya sauka zuwa wajen kashi 10. Ba su kuma sami wata alama da za ta nuna tun farko wa zai koma wa ba zai koma ba, ko an cire haƙori ko ba a cire ba. Dalilin da ke amsar farko shi ne dai: jerin ƙasa yana matsewa tsawon rayuwa, zaruruwan dasashi kuma suna jan haƙorin da aka murɗa ya koma yadda yake.

Saboda haka shawarar yau ita ce a riƙe su muddin ana son su zauna a jere. Mariƙi iri uku ne: siririyar waya da ake mannawa a bayan haƙoran daga fiƙa zuwa fiƙa, kwanson roba na dare, da mai faranti da waya da ake sawa a cire, wanda ake kira Hawley. A jerin ƙasa, mannannen ya ɗan fi riƙewa, domin ba ya dogara da tunawar mai shi, amma yana tara datti kuma yana buƙatar zaren sakace da ake ratsawa ta ƙarƙashinsa. Likitoci da yawa suna haɗa biyu, mannanne a ciki da kwanso da dare. Irin wayar da aka yi gyaran da ita ba a ga tana hana wannan komawar ba.

Mariƙin da aka manna mini ya ɓalle a haƙori ɗaya. Zai iya jira?

Kada ya jira. Haƙorin da ya kuɓuce yana iya kaucewa cikin 'yan makonni, kuma wayar da ta lanƙwashe ko ta warware tana iya komawa tana tura haƙoran da take riƙe da su, har ta karkata fiƙa waje ko ta fitar da saiwar haƙori daga ƙashi, ba tare da wani ciwo ba. Idan kana da kwanson dare, ka ci gaba da sa shi kullum har ka ga likita. Kada ka ja wayar ko ka yanke ta da kanka. Ko da babu abin da ya ɓalle, a duba mariƙin aƙalla sau ɗaya a shekara, a kankare dattin da ya daskare a kewayensa. Idan kwanson dare ya fara matsewa fiye da da, alama ce haƙoran sun soma motsi, a koma sa shi kowane dare, in ya ƙi shiga kuma kada a tilasta shi, a kai wa likita ya sake awo.